Tasar Kaka da Gadon Zamani: Gwanintar Masu Jere a Lolo

Duk garin da ake ɗaura aure ana jere, amma ba kowane gari ne ke ɗora wa mai jere irin nauyin da Lolo ke ɗora mata ba. Garin yana cikin ƙaramar hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, a tsallaken kogin Kwara, daf da inda ƙasar Najeriya ta ƙare ta Benin ta soma. Kana wuce shingen kwastan sai Iluwa, sai Madekali, sai Malanbil mai shahararriyar kasuwa, wadda titi ya haɗa ta da tashar jiragen ruwa ta Kwatano, tafiyar fiye da kilomita 700. Ta ɓangaren gida kuwa ga Illo ga Bagudo, daga nan a kama hanyar Jega da Sakkwato da Kano. Ta ruwa kuma kwale-kwale na kai da kawowa zuwa Dole Kaina da sauran garuruwan gaɓa. Shi ya sa kayan ɗakin amarya a nan kashi uku ne: wanda aka saya da naira, wanda aka saya da sefa, da wanda ba a saya da ko sisi ba, gadonsa aka yi daga uwa ko kaka.

Ranar da aka sauke su a tsakar gidan ango, ba mai cewa ɗaki ɗaya za su shiga. Ga setin gado daga wurin kafinta, da sif da madubi da 'yan durowoyin gefe, sai ƙyalli suke, ko ledarsu ba a ɓare ba. Ga kujerun kushin, ga kafet a naɗe, ga labulaye, ga kuloli iri-iri, ga kwalayen tangaran da aka cusa wa takarda don kada ya fashe a hanya. Can gefe kuma ga abin da tsofaffi suka jawo daga ƙarƙashin gado: kwalla da fanteka masu furanni, tasar tagulla da ta yi duhu, akushi, ƙorai masu zane, fayafai, adudu, kujera 'yar tsugunno, wani lokaci har da sakala da aka yi shekaru ba a warware ta ba. Babu wanda ya zauna ya tsara a sayi wannan don ya dace da wancan. Uba ya yi gado da kujeru gwargwadon ƙarfinsa. Uwa ta daɗe tana tara kwanuka da kuɗin adashi da ribar sana'ar cikin gida. Gwaggo ta kawo nata, ƙawayen uwa sun biya biki, kaka ta ce ita ma ba za a bar ta a baya ba. Aikin mai jere shi ne ta mai da wannan tulin kaya ɗaki cikin yini ɗaya ko biyu, ga mata cike a kanta, kowacce da nata ra'ayin.

Ba ta da shago, ba ta da allon talla, sau da yawa ma ladanta bai wuce turmin atamfa ba, ko sabulu da goro idan an watse. Gwaggon amarya ce, ko matar kawu, ko wata maƙwabciya da unguwa ta shaida tana da ido. Da an sa rana za ka ji ana cewa a gaya wa wance tun da wuri, kada wani bikin ya riga mu. Ni dai ina lissafa wannan mata cikin manyan masu fasahar ƙasar nan da ba a ambaton sunansu, kuma gwanintarta ta fi fitowa ne a inda aikin ya fi wuya, wato inda tsoho da sabo za su zauna wuri guda ba tare da ɗaya ya kunyata ɗan'uwansa ba.

Wasu na ɗauka wannan cakuɗa fitinar zamani ce. Ɗakin mace a wannan yanki bai taɓa zama na zamani ɗaya ko na ƙasa ɗaya ba. Tun kafin zuwan Turawa Illo mashiga ce ta fataken goro masu zuwa Gwanja, kuma ayari ba ya dawowa da goro kaɗai. Tagullar Nufawa ta hauro kogi, barguna sun gangaro daga Zabarma, jar fatar Sakkwato ta zo daga arewa, ƙoran Fulani kuwa a rugar bayan gari ake samunsu. Da Ingila da Faransa suka zauna a Faris a 1898 suka bar Illo a hannun Ingilishi, suka sa layin iyaka ya taɓa kogi mil 10 sama da Giri, tashar jiragen Illo, tuta suka raba da haraji. Dandawa da Zabarmawa da Kyangawa da Fulani da Hausawa sun ci gaba da aurar da 'ya'yansu ƙetaren layin, kayan ɗaki na bin su.

Hatta abin da yarinyar yau ke kira kayan tsofaffi, a zamaninsa shi ne ɗan yayi. Kwallar nan mai fure ita ta kori tukunyar jere da ƙwarya daga bangon ɗaki. Ƙarfe ne da aka shafe da garin gilashi aka gasa a zafin da ya kai wajen digiri 800, shi ya sa launinta ba ya koɗewa. Da farko daga Turai ake kawo ta, daga baya Hong Kong ta karɓe kasuwar, sannan a farkon samun 'yancin kai 'yan masana'antar Sin suka zo suka kafa masana'antunta a Legas da Kano. Kamfanin Nigerian Enamelware a 1960 aka yi masa rajista. Gadon ƙarfe mai rumfa, wanda yanzu ake jefarwa bayan ɗaki kaji na kwana a kai, shi ya maye gurbin gadon kara da gadon ƙasa. Kamfanin Vono ya yi suna da shi, kuma kamfanin da aka sani yau da katifar Mouka a Kano ya soma a 1959 da ƙera gadajen ƙarfe da kujeru. Katifar soso ta zo ta ture ta audugar rimi, kabad mai gilashi ya yaɗu da kuɗin man fetur na shekarun 1970. A kowane sauyi akwai matar da aka kira ta tsaya tsakanin kayan uwa da na 'ya ta sasanta su. Ta yau tana da magabata.

Abu na farko da gwana ke yi shi ne ta hana a shigar da komai. 'Yan mata na ɗokin kwance kwalaye, ita kuwa sai ta shiga ɗakin yana wayam, ta dawo ta tsaya a bakin ƙofa, daidai inda baƙuwa za ta tsaya ta yi sallama, ta ga bangon da ido ke fara sauka a kai. Wannan bangon shi ne fuskar ɗaki, abin da aka ba shi da shi za a yi wa sauran hukunci. Sai ta duba taga, ta lura da inda hasken hantsi ke shigowa da inda ranar yamma ke duka. Ta shafa gindin bango da tafin hannu ta ji ko yana da danshi, ta nemi tabon ruwa ko hanyar gara. Ta tambayi gabas, ta ware inda za a shimfiɗa darduma, domin ɗakin da sai an ja kujera kafin a yi salla an ɓata jerensa tun daga tushe. Sai bayan duk wannan take cewa a shigo da gado.

Dokarta, ko da ba ta taɓa furta ta ba, ita ce ba a sarki biyu a gari ɗaya. Idan gadon zamani ne zai ja ragama, mai faffaɗan kai da sassaƙa ruwan zinariya irin wanda ake cewa ɗan Dubai ko ɗan Turkiyya, ko da a bayan kasuwa aka ƙera shi, to tsofaffin kaya za su zama kaɗan, zaɓaɓɓu, kowanne a wuri mai daraja. Idan kuwa abin gadon ne ya fi ƙarfi, sai ta danne sababbin, ta nemi marasa hayaniya. Mujallun adon gida na Turai da Amurka sukan ba da shawarar a yi kashi 80 na salo ɗaya, kashi 20 na ɗayan. Gwaggo ba ta san da wannan lissafi ba, amma je ka ƙirga ɗakin da ta jera, ba za ka same ta nesa da shi ba. Raba-daidai shi ne abin da ba ta yarda da shi.

Dubi yadda take yi da sakala, bargon nan mai nauyi na masaƙan Zabarma da Dandi, wanda ake saƙawa ƙyalle-ƙyalle, kowanne da ɗan siririn faɗinsa, sannan a ɗinke su gefe da gefe har zanen wannan ya haɗu da na wancan. Can ƙasar Zabarma irin waɗannan barguna, su tera-tera da kunta, kayan aure ne tun asali. Marar gwaninta za ta shimfiɗa sakalar a kan sabuwar katifa, ta jibga mata filoli masu sheƙi da lesi, duk mai shigowa ya zaci mantawa aka yi da ita a wurin. Gwana takan kai ta bango. Ba ta buga mata ƙusa, don nauyinta zai ja ɗinkin ya ɓarke daga inda aka huda. Sai ta aika wa tela ya ɗinka mata dogon aljihu na yadi ta bayan bakin sama, a zura sanda ko ƙarfen labule, a rataye ta bayan kan gado, ƙyallayen na gangarowa daga sama zuwa ƙasa yadda nauyin zai bi tsawon zare. Ta bar tazarar yatsa biyu tsakaninta da bango don iska ta ratsa. Daga nan sai ta ja da baya ta ƙura mata ido, ta zaɓi launi ɗaya daga ciki, kuma ba wanda ya fi yawa take ɗauka ba, mafi ƙanƙanta take nema, a ce wani siririn ja ko ruwan goro da ke ratsa baƙi da fari. Ta ce a nemo zanen gado ko rigunan filo masu wannan launi. Zanen gado mai ƙyalƙyali da aka sayo da tsada a Malanbil, a ninke shi a sa a sif, ranarsa na tafe. Da an gama, gadon da aka ƙera bana da bargon da aka saƙa tun ba a haifi uwar amarya ba sai su saje, har baƙuwa ta tambayi inda aka sayo su tare.

Kabad ɗin gilashi kuwa nan ake gane hannu. Tangaran fari ne mai santsi, idan aka jera shi shi kaɗai ido ba ya samun abin kamawa. Sai ta jingina fayafai masu launi a bayan farantai, farin ya fito tas a kan ja da baƙin saƙar kaba. Kwalla da languna ana ɗora su ne babba a ƙasa ƙarami a sama, furen kowacce na kallon gefe guda, wadda ta ɓantare a juya tabonta ya fuskanci bango. Ba ta cusa mai shuɗin fure a tsakiyar masu ja sai in tana da 'yar'uwarta da za ta sa a ɗaya ɓangaren. Tasar tagulla a wanke ta da jiƙaƙƙiyar tsamiya ko lemon tsami da toka, a ɗauraye, a goge da busasshen tsumma nan take. A nan ma akwai iyaka. Yarinya za ta so ta dirje ta har ta zama madubi, gwaggo za ta karɓe tun da sauran duhu a cikin ramukan zanen, domin wannan duhun ne ke nuna aikin maƙerin da ya buga ta. Kuma ba ta kulle ta a bayan gilashi. A kan teburin tsakiya take ajiye ta, ko kan durowa inda hasken taga ke sauka, a zuba mata dabino ko goro. Ƙwarya sai a saman kabad, a kan gammo, tana shan iska, don in aka rufe ta da damina fumfuna za ta yi. Wadda ta tsage ba a yar da ita, a kai wa gyartai ya ɗinke, ɗinkin ma ado ne idan hannun ya iya. Akushi man kaɗe yake so ko man gyaɗa, a shafa a bar shi ya sha.

Abin da na fi yaba mata a duk wannan shi ne ta san tsohon kayan da ba a ba shi aiki ba ba ya shekara a ɗaki. Amarya za ta gaji da kakkaɓe masa ƙura, wata rana ta tura shi sito, daga sito sai hannun 'yan gwangwan. Saboda haka kowanne sai ta nema masa abin yi. Adudu ya zama ma'ajin hijabai da darduma. Kujera 'yar tsugunno ta zauna a gefen kushin, a ɗora mata kofin shayi ko waya, in ƙawa ta zo kitso a jawo ta. Tumtum na fatar Sakkwato ya sami gurbi a kan kafet, don har gobe akwai baƙuwar da ba ta jin ta zauna sai ta zauna a ƙasa. Kaskon turare ba ya bukatar a roƙa masa wuri. Randa kuwa tana nan a lungun baranda kusa da sabon firji, kuma duk wanda ya san halin wutar lantarki a ƙauyukan iyaka ya san wanne ne zai shayar da gidan ruwan sanyi da bazara. A Gidan Makama na Kano da gidan tarihi na Kanta a Argungu, tsohuwar fadar da aka mai da gidan tarihi a 1958, za ka ga irin waɗannan kaya an adana su don kallo, kuma hakan na da kyau. Mai jere ba adanawa ta zo yi ba, gidan da za a zauna a ciki ta zo haɗawa.

Akwai kuma karatun da kogi ke ba ta, wanda mai jere a tudun Kano ba ta cika bukata ba. Kwara a wannan yanki cika biyu yake yi, ta damina da ruwan gida, da wadda ke isowa da hunturu daga duwatsun Gini. A 2012 da 2020 ambaliya ta yi wa Kebbi ɓarna mai yawa, Bagudo na cikin inda abin ya shafa, can ƙetare ma Malanbil da Karimama sun saba da ita. Galibin setin gado da sif na yanzu da katakon MDF ake yinsu, garin itace ne da aka kwaɓa da gam aka matse, aka lulluɓe da fata mai sheƙi. Yana da kyan gani da sauƙin kuɗi, amma da ya sha ruwa sai ya kumbura ya saki ƙusa, kuma ba ya komawa. Ko ba ambaliya, danshin ƙasa kaɗai ya ishe shi. Don haka gwana ba ta jingina sif da bangon da ruwan sama ke duka, kuma takan sa a ɗora ƙafafunsa a kan gutsattsarin tayil ko ɗan katako mai tauri, bakin kafet ya rufe. Kujerar kaka da aka sassaƙa daga gungume guda na ƙirya ko maɗobiya ba ruwanta da wannan tsoro, ta kwana a ruwa ta bushe ta ci gaba da aiki. Maɗobiyar nan, a sani, ita ce itacen da aka yi ta sarewa a dazukan Benin da Najeriya ana lodawa zuwa Sin, har aka sa ta cikin itatuwan da aka taƙaita cinikinsu a duniya daga 2017. Wadda ke da kujerarta a gida ta riƙe da kyau.

Tsofaffin kaya suna da wata fa'ida da sai mutanen bakin ruwa ke lura da ita: suna shiga cikin juna. Languna su shige fanteka, ƙananan ƙorai su shige babbar masaki, a naɗe da zane a ɗora a ka ko a jefa a kwale-kwale. Sif kuwa sai an nemo kafinta ya kwance. Mai jere ta gari ba ta toshe ƙofa da manyan kaya, ba ta kuma sa abu mai daraja a inda sai an hau kujera an sauke goma kafin a kai gare shi.

Duk wannan aikin ido ne da hannu. Wanda ya fi shi wuya aikin zumunci ne. Barbara Cooper, masaniyar tarihi da ta yi bincike a kan aure a Maraɗi ta fitar da littafinta a 1997, ta nuna yadda kayan ɗakin amarya ke bayyana arzikin mace na mutane, wato yawan waɗanda suka tsaya wa uwarta da ita. Mata ba sa bukatar littafi kafin su san haka. Idan aka zo ganin ɗaki, kowacce idonta na neman abin da ta kawo, kuma inda aka ajiye shi saƙo ne. Amarya ba ta zuwa jere, amma a zamanin nan yayarta ko babbar ƙawa na nan da waya a hannu, ana tura mata hoto tana turo umarni. Irin maganar da ake yi ba ta wuce haka:

"Gwaggo, don Allah a kai akushin nan kicin. Ta ce bai shiga da kujerun ba."

"Ɗiyata, wanga akushi cikinai kakarku ta ci tuwon amarci. In ta shigo gobe ba ta gan shi ba, mi za ki ce mata?"

"To Gwaggo, ko a sa shi bayan labule."

"Bayan labule ai an ɓoye shi ke nan. Miƙo min farin faifan can."

Sai ta rufe akushin da faifai, ta ɗora shi a kan durowa ƙarƙashin madubi, ta zuba masa su kwalli da 'yan kwalaben turare, ta ce a ɗauki hoto a tura. Amarya ta ga baƙin itace a kan farar durowa ya yi kyau ta yi shiru, kaka ta zo ta ga akushinta a wurin da jikarta za ta riƙa tsayawa kowace safiya. Ba kullum ake samun irin wannan mafita ba. Wani lokaci kyautar ba ta da kyau, ba ta da tarihi, mai ita ce kawai ba a iya ɓata wa rai. Gwana takan ba irin wannan wuri na sati ɗaya, ta raɗa wa yayar amarya cewa bayan an gama ganin ɗaki a sauke. Wannan ma cikin sana'ar yake.

Tsadar rayuwa ta ƙara wa wannan fasaha kasuwa. A watan Yunin 2015 Babban Bankin Najeriya ya fitar da jerin kaya 41 da ya hana wa kuɗin waje a farashin gwamnati, kuma wanda ya karanta jerin zai ga rabin kayan ɗakin amarya a ciki: gadaje da kujeru, kwanukan langa, kayan gilashi, kayan kicin, tayil, yadi, kayan roba, falankin katako. Sai a Oktoban 2023 aka janye. A Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, ba a fara buɗe wasunsu ba sai Disamban 2020. Bayan haka naira ta faɗi, sefa ta yi tsada a hannun mutanen da da can su ake bi ana neman nairarsu. Uban da ya yi wa 'yarsa ta fari seti cikakke, da ya zo kan ta uku sai ya tsaya yana lissafi. A nan ne gado mai rumfa ke dawowa daga bayan ɗaki. A kankare tsatsarsa da samfefa, a kai wa mai walda ya ɗaure inda ya saki, a shafa jan fenti mai hana tsatsa, a bi da baƙi ko ruwan madara, a sayo sabuwar katifa daidai faɗinsa, don yawancinsu ba su kai gadon yanzu mai ƙafa 6 faɗi ba. Rumfar kuwa, a garin da sauro ke tashi daga fadamar shinkafa da magariba, ta fi kowane kan gado mai ruwan zinariya amfani: a rataya gidan sauro a kusurwoyinta huɗu ya sauko a miƙe, babu igiya a bango, babu ƙusa a silin. Gwana takan ƙara masa siririn labule mai haske a gefuna, a ɗaure da rana. Kuɗin da ya ragu a sa a kujeru ko keken ɗinki.

Ba kowace mai shiga jere ce gwana ba, kuma ba kowane tsohon abu ne ya cancanci ɗaki ba. Adudun da gara ta ci ƙone shi ya fi, kada ya kawo wa sif baƙi. Akwai masu shafa wa akushi man ƙyallin kafinta, masu yi wa ƙwarya fentin mai, masu fesa wa kwalla ruwan zinariya don ta dace da gado. Sun kashe tsohon, ba su sami sabo ba. Akwai kuma sabon yayin da ya taso daga otal-otal da gidajen cin abinci na manyan birane, a cika bango da fayafai ashirin da ludayi da muciya don a ce an yi gargajiya. Muciya tuwo take tuƙawa, ba ta da abin yi a falo. Matar da ta iya jere fayafai uku sun ishe ta, kuma duk ranar da aka bukaci ɗaya za a iya sauke shi a rufe fura.

Jeren biki ma ba shi ne na ƙarshe ba. Idan amarya ta haihu ta je wankan gida ta dawo, ko yaro ya fara rarrafe, sai a sake aika wa gwaggo. A wannan karon ba mai ɗaukar hoto. Tangaran ya haura kanta ta sama a kulle kabad, teburin gilashi ya koma ɗakin maigida, a naɗe kafet a shimfiɗa leda da tabarmar kaba, tasa ta bar tebur ta hau saman sif. Kwalaben turare su fita daga akushi ya sauko ƙasa, don shi kaɗai ne a ɗakin yaro zai jefar sau goma a yini bai fashe ba, babbar fanteka kuwa ta zama bahon wankansa.